Ya Ɗumama Unguwa, Ya Kwana a Hayaƙi: Jinjina ga Baba Mai Faskare

Da ya idar da sallar asuba, Baba Mai Faskare ba ya komawa shimfiɗa. Yakan zura tsohuwar rigar sanyinsa, wadda ta sha faci har an manta asalin launinta, ya naɗe wuya da ƙyalle, ya saɓa gatari, ya bi lungun bayan shaguna. Kafin mai shayi ya hura wuta, kafin a ɗaga ƙofar shago ko ɗaya, ya riga ya isa filin da ya cinye fiye da rabin rayuwarsa.

Filin ba wani babba ba ne. Katanga ta rufe shi ta gefe biyu, sauran a buɗe suke, ta nan iska ke shigowa. Akwai doguwar rumfar kwano marar bango, sai wani kututture mai faɗi a tsakiya, wanda ya sha sara har ya yi kwarmi. Baba ba ya fara aiki sai ya zaga. Zai bi jerin itacen nan ɗaya bayan ɗaya yana shafa bakinsu da tafin hannu, ya durƙusa ya leƙa ƙasa ko gara ta fara gini, ya ɗaga kai ya duba ko iska ta ture duwatsun da ya danne kwano da su. Sai ya gama wannan gaisuwar yake zama ya wasa gatari, ya gwada kaifin a farce, ya tofa yawu a hannu, ya yi bisimilla. Daga nan sai ka ji ƙarar: ƙwal, shiru, ƙwal. Yaran da aka haifa a layin nan da ita suka buɗe kunne.

Bana ƙarar ta ɗauke. Baba yana nan da ransa, amma ya ajiye gatari, kuma ba a taru ba, ba a ce masa sannu da aiki ba. Dalilin wannan rubutu ke nan, ko da ya zo a makare.

Wanda bai taɓa zama inda sanyi ke shiga ƙashi ba zai ɗauka itace itace ne. A nan, idan sanyi ya sauka, ruwan da ya kwana a bokiti sai an fasa ƙanƙarar samansa kafin a yi alwala, kuma murhun ƙarfen da ke kusurwar ɗaki shi ne kawai tsakanin tsoho da kabari. Abin da za a zuba a murhun nan kuwa ba a yini ɗaya ake samunsa ba. Baba yakan tura amalanke zuwa bayan gari, ya nemi bishiyar da iska ta kayar ko wadda ta mutu a tsaye. Mai rai ba ya taɓa ta. Ya yanka da zarto daidai tsawon da zai shiga bakin murhu ba sai an tura da ƙafa ba. Ya faskara tun da wuri, domin gungume idan aka bar shi a dunƙule, bayansa ne ke bushewa, cikinsa na riƙe da ruwa. Bayan haka sai a jera.

Jeri kuwa ba aikinsa ba ne, aikin Inna ne, matarsa. Shi ya fasa, ita ta jera, haka suka raba tun suna da baƙin gashi. Takan shimfiɗa dogayen sanduna a ƙasa don kada itace ya taɓa danshi, ta gicciye na bakin jeri su zama ginshiƙi, ta bar tazarar da mage za ta iya wucewa tsakanin jeri da katanga. A rufe kai, a bar gefe iska ta yi aikinta. Wanda aka jera bana ba a taɓa shi sai baɗi. Idan baƙo ya yaba wa Baba kyawun jerin, Inna takan amsa daga inda take, ko ɗagowa ba ta yi: "Yaba masa, yaba masa. In ka bar shi da jeri, kaza ma sai ta ture."

'Ya ɗaya Allah ya bar musu. Baba yana kiranta Mamana, don sunan mahaifiyarsa ta ci. Ta girma tana wasa da ɓawon itace a gindin rumfar nan, ta yi karatu, ta yi aure a wani gari can ƙetaren kogi.

Wanda ya fi kowa sanin Baba shi ne tela, wanda ƙofar bayan shagonsa ke kallon filin. Tsakaninsu ba a gaisuwa sai da tsiya.

"Sarkin gatari, yau kuma da wa ake faɗa?"

"Da wanda ya fi ƙarfin allurarka."

Tela yakan ba da labarin shekarar da ya yi sabon aure, sanyi ya kama shi ba shiri. Ya shigo filin yana nuna wani jeri fari tas, sabon faskare, ya ce shi yake so, don ya fi kyan gani a idon amarya. Baba ya zaro guda biyu daga ciki ya gwara su. Suka ce dum, kamar an bugi buhun ƙasa. Ya je wani tsohon jeri da ya yi toka-toka, bakinsa duk ya tsattsage, ya zaro biyu ya gwara. Suka ce ƙwar, har sai da ƙarar ta dawo daga katanga.

"Ka ji bambanci? Wancan in ka sa shi a wuta kuka zai yi ta yi yana kumfa, hayaƙi ya cika muku ɗaki. Amarya ta yi ta hawaye, danginta su ce dukanta kake yi."

"Ni dai farin nake so."

"Ba zan ba ka ba. Je ka nemi mai ba ka."

Tela ya fita yana ƙunƙuni. Da yamma sai ga amalanke a ƙofar gidansa, shaƙe da busasshen.

Haka kake, Baba. Kai ne ba ka taɓa ɓoye ɗanye a tsakiyar dami ba. Kai ne ka san gidan da tsohuwa ke zaune ita kaɗai, ka faskara nata sirara yadda hannunta zai iya ɗauka, ka haɗa mata da ƙiraren kunna wuta, ka kai har bakin murhu. Kai ne idan ka hangi baƙin hayaƙi na fita daga bututun wani gida kake ƙwanƙwasa ƙofa ka ce a share shi kafin ya kama da wuta, ko a gode maka ko a harare ka. Duk wannan mun gani, mun ɗauke shi kamar fitowar rana, abin da ba a yi wa godiya.

Sai shekarar da ba wanda ke son tunawa. Ruwan sama ya wuce lokacinsa, kogi ya cika ya tafi da gada, hanyar da motocin gas da na itace ke bi ta yanke. Kafin a farga sanyi ya sauka, irin wanda tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba, ya kuma ƙi tafiya. Wutar lantarki ta koma sai an ga dama. Duk itacen da ke cikin gari ruwa ya jiƙa shi, sai na rumfar Baba.

Mutane suka yi dafifi a bakin filin. Baba ya daina aunawa da amalanke, ya koma rabawa runguma-runguma. Ya fara da gidajen masu jarirai da na tsofaffi. Masu jini a jika ya ce su haƙura, su haɗu ɗaki ɗaya su ɗumama juna. Wasu suka fahimta, wasu suka zage shi a gaban idonsa, ya yi kamar bai ji ba. Jeri na ƙarewa ana buɗe wani, har rumfar ta koma fayau kana hango katanga. Saura jeri ɗaya a can ƙurya, wanda kowa ya san na gidan Baba ne. Inna ta daɗe da ciwon ƙirji, duk sanyi sai ya tayar mata da tari, shi ya sa kowace shekara Baba ke ware mata mafi bushewa, wanda ke ci ba hayaƙi.

Wata ranar da la'asar, Inna ta kawo masa ruwan zafi a fulas, tana zaune a kan kututture ta ƙudundune da bargo, sai ga ungozomar ƙaramin asibitin unguwa ta shigo. Leɓenta duk ya tsage. Ta durƙusa ta gaida su.

"Baba, na san abin da na zo roƙo bai kamata ba. An haifi tagwaye jiya, watanninsu ba su cika ba, kowanne bai wuce tafin hannuna biyu ba. Mun ƙone karyayyun bencuna, mun ƙone kwalaye. In ɗakin nan ya huce, ba za su kai ko'ina ba."

Baba ya dubi jerin, ya dubi ƙasa.

"'Yata, wannan ba nawa ba ne. Na mai ciwo ne."

"Na sani, Baba. Allah ya ba ta lafiya." Ta miƙe, ta juya.

Ta kusa fita Inna ta ce, "Malam, kira ta."

"Ke, kin san abin da kike faɗa kuwa?"

"Na sani. Ni na jera shi, ina da ta cewa a kansa. Mu muna da barguna, mun kuma ga duniya. Su ko ido ba su gama buɗewa ba."

"Ƙirjinki fa?"

"Ƙirjina ya saba. Loda mata, rana na faɗuwa."

Baba ya miƙe. Ya loda amalanke, ya kai, ya dawo ya sake lodawa. A lodin ƙarshe ya rage ɗan abin da bai wuce runguma biyu ba, ya tura bayan kututture da ƙafa. Inna ta gani, ta kau da kai.

Abin da ya ɓoye bai daɗe ba ya ƙare. Sanyi kuwa ko gezau. Ba abin da ya rage a filin sai ɗanyen da ya faskara kafin ruwa ya tsananta. Ya tsattsaga shi siri-siri kamar tsinke, ya jingina kewaye da murhu ko zai sha zafi ya bushe, amma ina zafin? In ya hura, ɗakin ya turnuƙe, Inna ta yi ta tari har sai ta riƙe gefen gado. In ya buɗe taga hayaƙin ya fita, sanyi ya shigo ya zauna. In ya kashe wutar, yatsunta su yi fari. Ya ɓalle katakan amalankensa ya ƙone. Ya ƙone bencin ƙofar gida. Ya ƙone ƙotar tsohon gatarinsa.

Daga nan ya yi abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Ya bi gidajen da ya rabawa itace yana sallama, yana tambaya ko akwai ɗan saura, ko guda biyu ne. Da yawa da gaske ba su da shi, wasu har da hawaye suka ba shi haƙuri. Amma akwai gidajen da aka leƙo aka ce, "Wallahi Baba, ya ƙare tun shekaranjiya," alhali siririn farin hayaƙi na tashi daga bututunsu. Mutumin da ke gane irin itace daga launin hayaƙinsa aka faɗa wa haka. Bai ɗaga kai ya nuna ba. Ya ce, "Allah ya rufa asiri," ya wuce gida na gaba. Har yau bai taɓa faɗa wa kowa waɗanne gidaje ne ba. Masu gidajen sun san kansu, wataƙila ma suna karanta wannan.

Tela ne ya ji labari ya ɗauko teburin da yake yanka yadi a kai, ya kawo filin a ka, ya dire.

"Fasa."

"Kai, a kan me za ka yi yanka?"

"A ƙasa. Fasa, na ce, kafin in canza shawara."

Teburin ya ba su 'yan kwanaki na wuta mai tsabta. Amma ciwon ya riga ya sauka ƙasa. Ungozoma tana zuwa kowace safiya da ɗan maganin da ke hannunta, babban asibiti kuwa yana ƙetaren kogi, ba hanya. Inna ta daina tari ma, sai numfashi kamar ana jan zarto a itace mai laushi. Ta cika da hantsi, a ranar da rana ta fito sosai karo na farko, har ƙanƙarar kan kwano ta fara ɗiga. Ba a daɗe ba aka gyara gada.

Tagwayen sun rayu. Da hanya ta buɗe uwarsu ta tafi da su garin mijinta. Baba bai taɓa ganinsu ba, ko sau ɗaya.

'Yarsa ta iso bayan an yi jana'iza, a motar farko da ta haye. Tela yana nan lokacin da ta shiga ɗakin. Ta tsaya a tsakiya tana kallon bangon da hayaƙi ya mayar baƙi. Ta ɗauki bargon uwarta ta kai hanci, ta ajiye.

"Baba, bangon nan fari na bar shi."

Ta juyo ta dube shi.

"An ce mini ita ta ce ka bayar."

"Ita ta ce."

"Yaushe Inna ta taɓa ce wa mai roƙo a'a? Ka fi kowa sanin halinta. Kai ya kamata ka ce a'a. Ka ɗumama unguwa, ka bar uwata tana shaƙar hayaƙi."

Tela ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya ɗaga masa hannu.

"Ƙyale ta. Gaskiya ta faɗa."

Ta matso kusa da shi, muryarta ta sauka. "Da za a maimaita, za ka sake bayarwa?"

Ya dubi tafin hannunsa.

"Mamana, ban sani ba. Kullum sai na tambayi kaina. Ban sani ba."

Tela ya ce da Baba ya amsa da e ko a'a, da ta samu abin riƙewa, ko fushi ko haƙuri. Wannan amsar ba ta bar mata komai ba. Da aka share makoki ta koma. Ba ta yanke zumunci ba, tana kira, tana aiko da saƙo, amma magana ba ta wuce ina kwana da ya jiki.

Baba, mu ma ba mu da amsar da za mu ba ka. Ba za mu ce ka yi daidai don mu samu sauƙin zuciya ba, mu da muka kwana da ɗumi a lokacin. Abin da muka sani shi ne, an zo maka da rayuka ta ko'ina, kai kaɗai, da itacen da bai isa ba, kuma duk inda ka juya sai an rasa wani. Aka bar ka da nauyin, mu muka ci gaba da harkokinmu.

Baba ya koma fili, domin bai san wani wurin zuwa ba. Ƙarar gatari ta dawo, sai dai jerin ya daina tsayuwa. Duk yadda ya gicciye bakin, sai ka ga ya karkace kamar mai ciwon baya. Wata safiya ɗaya ya rushe a kansa yana durƙushe, ya bugi kafaɗarsa ta dama. Tun daga ranar hannun bai ƙara ɗaguwa sama da kunne ba. Da tsufansa ya koya wa hannun hagu sara. Gungumen da a da yake rabawa da bugu ɗaya ya koma sai ya yi ta fama, ya huta, ya sake. Ido ma ya fara hazo, har takan kai ya sari gefen kututture a maimakon itacen.

Ya nemi wanda zai karɓi sana'ar. Ba mai saye yake nema ba, kyauta yake son bayarwa, da gatari da zarto da duk abin da ke kansa. Matasa sun zo, ba a ce ba su zo ba. Wani ya yi rabin yini hannu ya yi ƙuruƙuru da bororo, bai dawo ba. Wani ya daure har ya fara iyawa, ranar da ya ji cewa wanda aka fasa yau sai baɗi za a taɓa shi, ya yi dariya ya ce, "Baba, wa ya san inda zan kasance baɗi?" Baba bai ga laifinsa ba. Ya ce yaron yana da bakin da zai ciyar yau, ba baɗi ba.

Ana haka motoci suka fara sauke itace a bakin titi, wanda aka yanko da injin jiya-jiya, ganyensa ma bai gama yaushi ba. Yana kusa, ba jira, mutane suka koma can. Yanzu idan ka fito da safe a lokacin sanyi, layin nan hayaƙi ne kwance kamar bargo, yara na tafiya makaranta suna tari. Wasu gidajen har leda da guntun taya suke cusawa don wutar ta kama. Baba yakan ratsa ta cikin wannan hayaƙin ya toshe hanci da ƙyallen wuyansa, ba ya duban kowa. Ya san warin. Ya san abin da yake yi wa ƙirji.

Abu na ƙarshe shi ne filin. Mai shi, wanda ya bar wa Baba shi tun da daɗewa, ya rasu, magada suka sayar. Wanda ya saya mutumin kirki ne, har hula ya cire da ya zo.

"Baba, ka yi haƙuri, gini za mu fara. Ka kwashe a hankali, ba gaggawa, amma kafin sanyi ya shigo."

Akwai jeri ɗaya da Baba ya fasa da hannun hagu, guda-guda, bai kai ga bushewa ba. Ya bi layi yana neman wanda zai ara masa gindin katanga ya ajiye shi zuwa baɗi. Wannan ya ce zai jawo kunama, wancan ya ce wurin ajiye mota ne. Tela ya kwashi iya abin da barandar bayan shagonsa za ta ɗauka. Sauran ya zauna a filin har leburori suka zo suka cire kwanon rumfar. Da sanyin safiya suka riƙa jan itacen suna hura wuta don jin ɗumi, hayaƙi na murtuke su suna fifita da kwali. Tela ya hangi Baba tsaye a bakin lungu yana kallonsu. Ya ɗauka faɗa zai yi. Sai ya ga ya ƙarasa, ya durƙusa da ƙyar, ya baje wutar ya sake shirya ta.

"Ku sa sirara a ƙasa, 'ya'yana. Manyan ku jingina su a gefe su sha zafi tukuna. Kada ku zauna ta inda iska ke kaɗawa."

Suka ce, "Mun gode, tsoho." Ba su san itacen wa suke ƙonawa ba.

Tela ne ya kira 'yar, ya ce mata in ba ta zo ta ɗauke shi ba, sanyin bana ba zai bar shi ba. Ta zo da motar haya. Kayansa duka ba su cika bayan motar ba. Ya fito riƙe da gatari, ta ce, "Baba, a bene muke. Ina za ka kai shi?" Sai ya miƙa wa tela.

"Me zan yi da shi, in yanka yadi?" in ji tela. Ya so a yi dariya, ba wanda ya yi.

Baba ya tsaya a jikin mota yana ƙoƙarin ɓalla maɓallan rigarsa. Yatsun da suka yi shekaru a naɗe da ƙota sun sandare, ba sa iya kama ɗan ƙaramin abu. 'Yar ta daɗe tana kallon hannun. Sai ta matso, ta ture yatsunsa a hankali, ta ɓalla masa ɗaya bayan ɗaya har wuya.

"Akwai sanyi a hanya," ta ce. Iyakar abin da ta ce ke nan.

Tela da ungozoma kaɗai suka yi masa rakiya. Masu shaguna suka ɗago hannu daga inda suke, a zatonsu ziyara zai je ya dawo.

Yanzu yana can ƙetaren kogi, a wani ɗaki mai tsabta a saman bene, da na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki a gefen gado. 'Yarsa ba ta rage shi da komai ba, ci da sha da magani duk a kan lokaci. Maganar Inna ce dai ba a tayarwa. Yakan zauna a bakin taga hannuwansa a buɗe bisa gwiwa, yana kallon rufin gidajen da bai san masu su ba.

Baba Mai Faskare, mun gode. Mun gode da kafaɗar da ka bari a filin nan, da idon da ka ƙarar. Mun gode wa Inna, Allah ya jiƙanta, ya sanyaya makwancinta. Mamana, ke ma mun gode, kuma muna neman afuwarki, domin ɗumin da muka ji a shekarar nan daga ɗakin mahaifiyarki aka ɗebo shi. Allah ya sassauta tsakaninki da mahaifinki tun yana da sauran numfashi.

Ku kuma da ke karatu, ba a ce kowa ya zama Baba ba, ba za mu iya ba. Amma mai ƙarfin hannu da ɗan gindin katanga ya fasa bana don baɗi, ya ware wani abu don gidan da ba mai fasa musu. In sanyi ya sauka, ka ga har hantsi ba motsin wuta a gidan maƙwabciyarka tsohuwa, kada ka wuce, yi sallama. In kuma wanda ya saba bayarwa ya zo ƙofarka yana tambaya, ka sani sai da ya haɗiye abu mai ɗaci kafin ya ƙwanƙwasa.

Tela yakan haye kogi ya je gaishe shi in ya samu sarari. Ya ce duk zuwa, bayan an gama gaisuwa an taɓa tsiya kaɗan, Baba kan karkato da kai, ya yi tambaya ɗaya.

"Mutanen layi fa? Ana tambayata kuwa?"

Tela yakan ce, "Kai, kullum. Har sun dame ni, sun hana ni ɗinki."

Baba ya yi murmushi, ya gyara zama, ya ce a gaishe su duka.

Ba wanda ya taɓa tambaya. Tela ya faɗi haka yana share ido da guntun yadi, ya ce shi ma ya tsufa, ba ya son ya je gaban Allah da wannan ƙaryar. Shagonsa a buɗe yake, ya san gidan, ya san motar da ake shiga. Ku taimaki tela, jama'a, ku je ku tambaye shi lafiyar Baba. In ya je wannan karon ya ce ana tambaya, ya zama gaskiya ya faɗa.